Gwaggo Kubura da Lambar Sirri

Ku matso kusa. Ke Zulai, rage fitilar nan, ba karatu za mu yi ba. Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka kada wani ya zauna jiran wurin dariya. Kun san wadda abin ya faru da ita. Kun ci tuwonta ba sau ɗaya ba.

Gwaggo Kubura nake nufi, ƙanwar su Baba, ta Funtuwa. Kun sha ganin ta tsaya a tsakiyar hira tana kallon bakin mutum kamar kurma. Kun sha toshe baki kuna ƙyalƙyala a bayanta. Na gan ku, ban dai yi magana ba. Yau za ku ji dalili.

A lokacin tana sakatariya a wani kamfanin sayar da taki da irin shuka. Ofishin tsohon gini ne mai bene ɗaya, an ce ma'ajiyar auduga ce a zamanin da. Bangonsa kauri gare shi, ko da bazara ka shiga sai ka ji sanyi a ƙafa. Aikinta buga takardu da rubuta abin da aka tattauna a taro. Shekara goma sha ɗaya tana yi. Ko biro ba a taɓa cewa ya ɓata a teburinta ba.

'Yarta ɗaya ce a duniya, kuma 'yar fari. Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, iyayenku har hoto suke ɗauka suna sumbatar ku. Gwaggo tsohuwar tarbiyya aka yi mata. Ba ta taɓa kiran yarinyar da sunanta ba. "Ke" take ce mata, in a gaban mutane ne kuma "yarinyar nan". Ba ta ɗaukar ta a idon jama'a, ba ta yi mata wasa. In yarinyar ta faɗi ta kurje gwiwa, sai Gwaggo ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga ta. Ita kuma yarinyar Anti take ce mata. Mutane suna ta yabo, wai ga mace mai kara.

Yarinyar ta rasu tana da shekara bakwai, cikin damina. Zazzaɓi ne na kwana uku. A zaman makoki Gwaggo ba ta zubar da hawaye ba, ita ce ma take miƙa wa masu gaisuwa ruwa. Aka sake yabon ta. Ni dai a ganina yabon nan ya cuce ta, kuma har gobe ina jin haushin duk wanda ya yi shi.

Bayan wata biyar tana kwashe tarkacen durowarta, sai hannunta ya taɓo wata tsohuwar rikoda. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi rabin sandar sabulu ba. Da ita ake ɗaukar maganar taro kafin a daina. Ta sa mata batir. Ɗan gilashin ya kawo haske, ya nuna saura abu ɗaya a ciki, na minti biyu, da kwanan wata a gefe.

Ta dubi kwanan watan. Ta sake duba.

Ba a yi taro ba ran nan. Ranar ce aka ba da hutun makaranta, ba wanda za ta bar wa yarinyar, ta zo da ita ofis ta zaunar da ita a ƙarƙashin tebur. Ta sauka ƙasa kai takarda. Da ta dawo ta tarar da ita da rikodar a bakinta, ta ƙwace, ta harare ta. Shi ke nan abin da ta tuna.

Ta danna maɓallin saurare. Lambobi suka fara tafiya, amma ba sauti. Lasifikar ta daɗe da mutuwa, ramin da ake sa abin kunne shi ma ya lalace. Hanya ɗaya ta rage. Sai an haɗa rikodar da kwamfuta, an sa manhajarta da ke kan wani faifai a cikin kwalin. Abin da rikodar nan ta ɗauka ba ya buɗuwa da komai sai da ita.

Ta sa faifan a kwamfutar teburinta. Wani ɗan akwati ya fito a allo, yana neman lambar sirrin mai kula da kwamfutoci.

To, ga yadda aka yi. Shekarar da ta gabata wani ma'aikaci ya sa abin kallon ƙwallo a kwamfutarsa, abin ya shigo da cuta, ta cinye aikin wata uku na ofis gaba ɗaya. Tun daga nan hedikwata ta kulle kowace kwamfuta. Ba mai sa komai, ba mai cire komai, sai mutum ɗaya. Sunansa Sagiru. Saurayi ne mai ladabi, ba mugu ba, kada ku ɗauke shi a mugu. Tsoro ne ya yi masa yawa.

Ta kira shi. Ya zo ya duƙa ya dubi allon.

"Hajiya, wannan sai an cika fom. Hedikwata ce ke ba da izini."

"Kai ba ka da lambar?"

"Ina da ita. Amma duk abin da na sa, suna gani a can. Bara saura ƙiris a sallame ni." Ya juya rikodar a tafin hannunsa. "Me za ki yi da wannan tsohuwar aba?"

Nan ne fa. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba: muryar 'yata ce a ciki. Ta zo mata har maƙogwaro. Amma yaya za ta dubi yaro sa'an ƙaninta ta ce masa tana kewar 'yar fari? Abin da ba ta faɗa wa mijinta ba, ba ta faɗa wa uwar da ta haife ta ba?

Ta ce, "Wani ɗan aiki ne."

"To ki rubuta a fom ɗin, ni zan tura."

A gurbin da aka ce a faɗi dalili, ta rubuta: aikin ofis.

Sati biyu tana jira. Kullum da safe ta buɗe durowa ta dubi rikodar, ta rufe. Amsa ta zo ranar Alhamis. An ƙi. Manhajar ta tsufa, ba ta cikin jerin waɗanda aka yarda da su. Kuma fom ɗin nata ya tuna musu da abin da suka manta. Suka ce a tattara duk tsofaffin na'urorin ofis ranar Litinin a aika musu a lalata, don akwai maganganun kamfani a ciki.

Za ku ce me ya hana ta jefa ta a jaka ta kai wa masu gyaran waya a kasuwa. Kowace na'ura da lambarta a jiki, kuma maigadi yana duba jaka a bakin ƙofa. Ban da haka ma, Gwaggo ce. Ɗaukar abin da ba nata ba bai taɓa zuwa mata a rai ba, ko a wannan halin.

Washegari Juma'a. A ofishin nan, da ƙarfe ɗaya ta yi, maza duk suna tafiya masallaci. Maigadi, wani dattijo Malam Tanko, shi ne na ƙarshe. Ya kashe janareta, ya ja ƙofar waje, ya sa kwaɗo ta baya. Gwaggo takan fita tare da su ta zauna wurin mai awara a bakin titi har a sauko. Ran nan ta ce ba za ta fita ba.

Malam Tanko ya hau ya same ta da rikodar a hannu. Ya daɗe yana kallon abin.

"Hajiya, rana tsaka ce fa. Ginin nan ba a zama a cikinsa mutum ɗaya."

"Ba komai, Baba. Ka kulle."

Ya juya ya fita. Ta ji saukarsa. Ta ji janareta ya mutu. Ta ji kwaɗo.

Fanka ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Allon kwamfuta ya yi baƙi. Daga nesa ana jin liman yana huɗuba, iska tana kawo muryar tana mayarwa. Gwaggo ta danna rikodar ta kara a kunne. Ta san ba abin da za ta ji. Minti biyu tana sauraren shiru, ta sake dannawa.

A karo na uku, allon ya kawo haske.

Ta dubi fanka. Tana tsaye. Ta dubi ƙwan fitila. A mace yake. Amma ga ɗan akwatin nan a tsakiyar allo, yana jiran lambar sirri.

Wari ne ya fara isko ta. Warin tsohuwar auduga da ruwa ya taɓa. An fi shekara arba'in ba a ajiye auduga a ginin ba.

Sai ga mutum a bakin ƙofa. Bai yi sallama ba. Dogo ne, da farar riga irin ta ma'aikata, da katin aiki a rataye a wuya, amma fuskar katin tana kallon ƙirjinsa. Akwai ɗan farin abu a girarsa da gashin kansa.

"Kubura."

Ba mai kiran ta haka a ofishin, ko manaja. Kuma bakinsa ne ya fara motsi, ya rufe, sannan muryar ta iso, kamar waya in layi ba kyau.

Ta ce, "Daga hedikwata?"

"Nan nake. Na riga ku zuwa."

"Ba ka tafi masallaci ba?"



Ta sunkuyar da kai, yadda mace take yi a gaban namijin da ba ta sani ba. Da haka ta ga ƙafafunsa. Takalma ne baƙaƙe, an goge su suna sheƙi. Shi yana fuskantar ta, amma kan takalman yana kallon ƙofar da ya shigo. Dugadugansa ne a gaba.

Ta gane. Kada ku ce ba ta gane ba. Ayatul Kursiyyu tana kan harshenta, ta haddace ta tun tana kamarku, kuma ta san in ta fara zai tafi. Ta dubi rikodar. Ta tuna Litinin. Ta haɗiye ayar. Duk labarin nan, wurin nan ne ya fi yi mini ciwo.

Ya matso, ba ƙarar taku. Ya tsaya a gefen tebur.

"Kina son ji."

"Ina so."

"Sirri akwatin yake nema. Ba dole sai na Sagiru ba. Ba shi naki."

"Ni ba ni da wata lamba."

"Kina da abin da ba ki taɓa furtawa ba. Shekara bakwai kina riƙe da shi."

Ta ce, "In na bayar fa?"

"Abin da aka bayar, an bayar."

Ta kai yatsunta kan madannai. Ya girgiza kai.

"Da baki."

Ta jiƙa leɓenta. Ta waiwaya, ko da ta san ba kowa, don kunyar ba ta sake ta ba har a lokacin. Sannan ta kira sunan 'yarta. Karo na farko ke nan tun da aka raɗa mata shi. A hankali ta faɗe shi, kamar mai tashin yaro daga barci.

Daga cikin kwamfutar aka ce, "Na'am, Anti."

Akwatin ya ɓace. Sai ƙarar fanka, ba ta ɗakin ba, ta wancan ranar. Sai numfashin yaro dab da rikoda, da 'yar dariya.

"Salamu alaikum, masu taro. Yau ni ce shugaba. Sunana..." Nan sautin ya ɗan yanke, ya dawo. "...ina aji biyu. Anti ta sauka ƙasa. Anti ba ta faɗin sunana, wai kunya take ji. Amma na san tana faɗa a cikinta. Jiya na yi kamar ina barci, ta gyara mini zane, ta daɗe tana riƙe da ƙafata. In na girma zan ce ta faɗa sau ɗaya, ba wanda zai ji. To, taro ya tashi. Ga ta nan zuwa."

Sai ƙarar ƙofa. Sai Gwaggo ta ji muryar kanta, a bushe: "Ke, ajiye wannan."

Shi ke nan. Minti biyu.

Kukan da ba ta yi a makoki ba, ran nan ta yi shi. Ta kifa kai a tebur ta yi shi da murya, ba mai yabon ta, ba mai hana ta. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Da ta ɗago, ba kowa a ɗakin. Allon baƙi ƙirin. A ƙasa, daga gefen tebur zuwa ƙofa, akwai ɗan zare-zaren auduga.

Ta ji an buɗe kwaɗo. Janareta ya tashi, fanka ta fara juyawa. Sai ga Sagiru ya hau da sauri, dardumarsa a kafaɗa, yana haki.

"Hajiya, don Allah ki yafe mini. Malam Tanko ya gaya mini a hanyar masallaci. Ya ce ya gane rikodar, ranar da marigayiya ta zo ta leƙo ta taga tana nuna masa ita." Ya durƙusa a gaban teburin. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Wallahi da tun ranar farko na nema miki hanya. Ana idar da salla na kira oga a hedikwata. Ya ce in sa miki yanzu, in kwafe miki, sannan in cire."

Ya ja kujera, ya kunna kwamfutar. Ba alamar an sa wani abu a cikinta. Akwatin ya fito, ya buga lambarsa, ya sa manhajar. Duka-duka bai fi minti biyar ba.

Muryar ta sake fitowa. Masu taro, yau ni ce shugaba. Sagiru ya juya fuskarsa wajen taga, yana goge ido da hularsa. Gwaggo kuwa kunne ta kasa. Wurin da sautin ya yanke ɗazu, nan ma ya yanke.

Ta ce, "Rikodar ta lalace a nan wurin?"

"Wane wuri, Hajiya?"

"Bayan ta ce sunana."

"Lafiya lau ya fito. Ai ta faɗa."

"Me ta ce?"

Ya faɗa mata. Ta ga bakinsa ya motsa. Ba ta ji komai ba. Ta ce ya sake, ya sake. Ta lalubi sunan a cikin kanta, inda yake zaune shekara bakwai da wata biyar, ta tarar da wurin wayam. Fuskar yarinyar tana nan. Tabon gwiwarta yana nan, da yadda take tauna bakin hijabi. Sunan ne babu.

Sagiru ya tsorata. Ya ɗauki biro ya rubuta mata shi da manyan baƙaƙe. Ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya. Fara ce fat a idonta.

Ta ce, "Mayar da shi farko. Akwai inda ta ce na'am."

Ya mayar. Ya sake mayarwa. Babu na'am a ciki, bai taɓa kasancewa ba.

An yi addu'a, an yi rubutu ta sha, an kai ta wurin malamai har Zariya. Ta bar aikin a ƙarshen watan. Takardar haihuwar yarinyar tana cikin akwatinta, in ta buɗe tana ganin komai sai layi ɗaya. Muryar kuwa tana cikin wayarta, Sagiru ya kwafe mata kamar yadda ya ce. Kullum sai ta saurara, kuma kullum sai ta zo wurin nan ta riƙe numfashi, ko Allah zai sa yau ya fito.

Na taɓa tambayar ta ko tana ganin yarinyar ce ta amsa mata. Ta ce a'a. Ta ce mamaci ba ya amsawa, ta san wanda ya ari muryar. Sannan ta ce, "Sau ɗaya na kira ta a duniya, shi ma ba ita na faɗa wa ba." Da ta jira rabin awa, da ta sami muryar, sunan kuma yana hannunta. Da ta buɗe baki ta gaya wa Sagiru, ko jiran ma ba za ta yi ba.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Wata rana za ku girma ku yi aiki a irin waɗannan wuraren. In an kulle abu, ku nemi mai mabuɗin, ku gaya masa gaskiyar abin da ke ranku, ko da kunya za ta kashe ku. In ya ce a jira, ku jira. Kuma in maza sun tafi masallaci an ja ƙofa, kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a tsohon gini. In wani ya shigo ba sallama ya ce zai buɗe muku, ku dubi ƙafafunsa, ku karanta abin da kuka haddace, kada ku haɗiye.

Sunanta Rumasa'u. Ku riƙe shi, ku duka, don uwarta ba ta iya riƙewa. Jibi Gwaggo za ta zo. Wataƙila ta ja ɗayanku gefe ta ce, "Me kuka ce sunan yarinyar nan?" Ku faɗa mata a hankali. Ku bar ta ta kalli bakinku har ta gaji. In ta ce ku sake, ku sake.

Zulai, kashe fitilar. Kowa ya yi addu'a kafin ya kwanta.